Daga kwalin sukari zuwa gidan Ibn Luƙman: wane Luwi ake nufi?

Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Jos ya san shuɗin kwalin nan na sukari mai ƙwaya, wanda aka rubuta wa St. Louis a jiki. A teburin mai shayin unguwarmu shi ne ke can sama, jingine da gwangwanayen madara. In ka zauna a benci sai ya ɗago kai ya ce, "Ƙwaya nawa, Malam?" ka ce uku, ya jefa huɗu. Shekara da shekaru ana haka, ban taɓa jin wani ya tambayi ko wane ne mai sunan da ke jikin kwalin ba. A Bompai kuma akwai tsohuwar makarantar 'yan mata mai wannan suna. A Senegal akwai gari, a Amurka akwai ƙaton birni da jiha guda, a tsibirin Morishas shi ne sunan babban birnin ƙasar, a Brazil da Jamus ma ba a rasa ba. Mutum zai ɗauka duk mutum ɗaya ake karramawa. Kama da wane ba ta wane. Aƙalla mutum biyar ne suka raba waɗannan wurare a tsakaninsu, kuma akwai wuraren da aka raɗa wa sunan da gangan yadda ba za a iya cewa ga takamaiman wanda ake nufi ba.

Faransawa na rubuta sunan Louis, su furta shi Luwi. Asalinsa ma ba Faransanci ba ne. Daga harshen Farankawa ya fito, ƙabilar da ta sauko daga yankin kogin Rayin ta mamaye ƙasar da yau ake kira Faransa, ta kuma bar mata sunanta. Su ne Larabawa suka kira Ifranj. A bakinsu sunan Hlodowig ne, kalmomi biyu a haɗe, ɗaya tana nufin shahara, ɗaya tana nufin yaƙi, wato wanda ya yi suna a fagen fama. Sarkinsu da ya yi mulki daga 481 zuwa 511, wanda littattafai ke kira Kulobis, wannan sunan ne nasa. Shi ne ya karɓi Kiristanci a birnin Reims, abin da ya sa sarakunan Faransa suka riƙa zuwa can a naɗa su. Da zamani ya yi nisa harshe ya lanƙwasa sunan: Jamusawa suka ce Ludwig, Italiyawa Luigi, mutanen Sifaniya Luis, Ingilishi Lewis, Faransawa kuwa suka cinye kusan dukkan baƙaƙen suka bar Luwi.

Yadda sunan ya zama na gidan sarauta ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don mun san abin da ake nufi in aka mayar wa jariri sunan kakansa. Gidan su Sharlaman, shahararren sarkin Farankawa, ƙwace sarauta suka yi daga zuriyar Kulobis. Da aka haifa wa Sharlaman ɗa a 778 sai ya sa masa tsohon sunan gidan da suka ture, kamar mai cewa mu ma 'yan gida ne. Wannan yaron ne Luwi na ɗaya a lissafi. Daga nan aka yi ta ƙirga har Luwi na 18, wanda ya mutu a 1824. A cikinsu akwai wanda bai taɓa hawa gadon ba, Luwi na 17, da ya mutu a kurkuku a 1795 yana ɗan shekara goma, amma masu goyon bayan sarauta suka ƙi tsallake lambarsa.

Cikin goma sha takwas ɗin nan, na tara shi ne ginshiƙi, kuma shi ne wanda ya kamata mai karatu Musulmi ya fi sani, don tarihinsa ya gauraya da namu. An haife shi a 1214, ya gaji sarauta yana ɗan shekara 12, mahaifiyarsa ta riƙe masa ƙasa har ya girma. Faransawa na tuna shi da ibada da adalci. Sun ce yakan zauna a gindin wata bishiya a Vincennes talaka ya kawo ƙara kai tsaye ba shamaki, yakan wanke ƙafafun miskinai da hannunsa, ya ciyar da kutare. Wannan fuska ɗaya ke nan. A zamaninsa ne kuma aka tara littattafan Talmud na Yahudawa aka banka musu wuta a Faris a 1242, daga baya ya tilasta wa Yahudawan ɗinka wata alama a rigunansu don a gane su. Sannan ya ɗauki rantsuwar yaƙin 'yan Salibiyya har sau biyu.

A karon farko Masar ya nufa. Ya sauka a Dimyaɗ a watan Yunin 1249, garin ya faɗa hannunsa kusan ba faɗa. Ana cikin haka Sarkin Masar, Salihu Ayyuba, ya rasu. Matarsa Shajaratud Durr ta ɓoye mutuwar, ana ci gaba da kai abinci ɗakinsa, ana fitar da takardu da sunansa, har ɗansa Turanshah ya iso daga nesa. A watan Fabrairun 1250 ƙanin Luwi, Robert na Artois, ya yi gaggawa ya kutsa cikin garin Mansura da dawakinsa ba tare da jiran sauran runduna ba. Mamalik, wato bayin sarkin Masar da ke masa aikin soja, cikinsu har da Baibars wanda daga baya ya zama sarki, suka bar su suka shiga lunguna, suka rufe su, aka kashe shi da mafi yawan mutanensa. Daga nan sai yunwa da atini suka kama sansanin Faransawa. A watan Afrilu aka kama Luwi kansa yana ja da baya, ba ya ko iya tsayuwa don ciwo. Aka sa masa mari aka ajiye shi a gidan wani magatakarda mai suna Ibn Luƙman, aka ba wani baba, wato dandaƙaƙƙen bawa, mai suna Sabihu tsaronsa. Marubutan Larabawa na lokacin ba su ma cika kiransa Luwi ba. Raidafarans suke ce masa, wato sun ji ana faɗin "sarkin Faransa" da Faransanci suka ɗauka sunansa ke nan. Sai da ya mayar da Dimyaɗ ya kuma amince da fansa mai nauyi aka sake shi. Wani mawaƙin fadar Masar, Ibn Maɗruh, ya bi shi da baitocin gori, yana cewa in ya yi marmarin dawowa, gidan Ibn Luƙman na nan yadda yake, marin na nan, Sabihu ma na nan. Gidan kuwa har yau yana nan a Mansura, an mai da shi gidan tarihi tun 1960.

Ya dawo ɗin, amma ba Masar ba. A 1270 ya sauka kusa da Tunis da tsakar zafi, annoba ta shiga rundunar, ya mutu ranar 25 ga Agusta. A 1297 Fafaroma ya ayyana shi waliyyi. Shi kaɗai ne sarkin Faransa da ya samu wannan matsayi, kuma daga ranar sunan ya zama jari.

Ga inda jarin ya yi riba. A 1589 sarauta ta koma gidan Burbon, ga Hanri na huɗu, mutumin da rabin ƙasar ke tantamar addininsa don da can ɗan Furotesta ne, sai daga baya ya koma Katolika. Hujjarsa ta gadon sarauta ita ce shi jikan jikokin ƙaramin ɗan waliyyi Luwi ne. Da aka haifa masa magaji a 1601 me kuke tsammani zai sa masa? Daga 1610 da wannan yaro ya hau har 1792 da aka rushe sarautar, shekara 182, Faransa ba ta yi sarkin da ba Luwi ba: na 13, na 14, na 15, na 16. To waɗannan shekarun kuwa su ne daidai lokacin da jiragen ruwan Faransa suka bazu a duniya suna kafa sansani. Wannan haɗuwar ce ta cika taswira da sunan. Kyaftin ɗin da ya kafa tuta a bakin wani kogi yana bukatar kuɗi da sojoji daga fada, dole ya yi wa sarki kirari. In ya ce San Luwi, malaman coci sun ji daɗi don ya ambaci waliyyi, sarkin da ke kan gado shi ma ya ji daɗi don takwaransa ne kuma kakansa. Ba wanda zai tsaya tambaya, ba kuma wanda ke son a tambaya.

Haka aka yi a arewacin Brazil a 1612, inda Faransawa suka gina ganuwa suka kira ta San Luwi lokacin Luwi na 13 yana yaro. Shekara uku kacal suka yi Fotugis suka kore su, amma suka bar sunan, suka dai juya shi zuwa bakinsu, São Luís. Yau shi ne babban birnin jihar Maranhão. Haka aka yi a bakin kogin Senegal a 1659, zamanin Luwi na 14.

Shi wannan na 14 bai cika bukatar fakewa da waliyyi ba. Ya shekara 72 a kan gado, daga 1643 zuwa 1715, ya gina fadar Versailles, ana masa laƙabi da Sarki Rana. A 1682 wani mai suna La Salle ya bi kogin Misisifi har inda ya faɗa teku, ya kafa gungume, ya karanta takarda cewa duk ƙasar da wannan kogi da rassansa ke shayarwa ta sarkinsa ce, sunanta Luwiziyana. Mutanen da ke zaune a ƙasar tun kaka da kakanni ba wanda ya ji ta bakinsu, shi kansa La Salle bai san iyakar abin da ya yi wa suna ba. Bayan shekara uku, a 1685, sarkin ya sa hannu a dokar bayi ta tsibiran da Faransa ke noman rake, wadda ta lissafa bawa cikin kayan da ake gada kamar kujera da tukunya. Bawan da ya gudu ya yi wata guda, a yanke masa kunnuwa a yi masa lalas da tambarin gidan sarauta a kafaɗa. In ya sake, a yanke masa agara. Na uku, kisa. A 1724 aka shimfiɗa irin wannan doka a Luwiziyana. Napoliyon ne ya sayar wa Amurka ƙasar a 1803 kan dala miliyan 15, fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan biyu. Jihar da ke riƙe da sunan yau 'yar guntuwa ce daga ciki.

Labarin birnin St. Louis na jihar Mizuri ya fi ba ni dariya. Wasu 'yan kasuwar fatu, Pierre Laclède da wani yaro matashi Auguste Chouteau, suka kafa shi a 1764 suka sa masa sunan waliyyin, don girmama Luwi na 15 da ke mulki. Ashe tun 1762 sarkin ya riga ya miƙa wa Sifaniya wannan ɓangaren a asirce, labari bai iso musu ba. Suna ta fadanci ga wanda ya riga ya sallama su. Louisville ta jihar Kentoki kuwa ta Luwi na 16 ce, kuma Amurkawa ne da kansu suka sa mata a 1780, tukuicin taimakon da ya yi musu da kuɗi da jirage a yaƙinsu da Ingila. Bashin da ya ciwo a wannan yaƙi na cikin abin da ya karya baitulmalinsa ya jawo juyin juya hali. Ranar 21 ga Janairun 1793 aka fille masa kai a Faris, bayan an tuɓe masa lamba da sarauta ana kiransa Luwi Kafe kamar kowane talaka. A wannan Louisville ɗin aka haifi Cassius Clay a 1942, wanda ya yar da sunansa ya ce na bauta ne, ya zama Muhammad Ali. Tun 2019 filin jirgin saman garin na ɗauke da sunayen biyu a jere, na sarkin da aka yanka da na ɗan damben.

In ana son ganin yadda suna ke bin iskar mulki, a dubi Saarlouis. Luwi na 14 ya gina shi a 1680 a matsayin garin tsaro a kan iyaka. 'Yan juyin juya hali suka cire sunan sarki suka kira shi Sarre-Libre. Aka dawo da tsohon suna. Garin ya koma hannun Jamusawa a 1815. A 1936 'yan Nazi suka ga ba za su iya da sunan Bafaranshe ba suka mai da shi Saarlautern, a 1945 aka sake dawo da shi. Port Louis ta Morishas, mai sunan Luwi na 15, ita ma ta taɓa zama Port Napoléon, kuma Ingilishi ne, abokan gabar Faransa, suka mayar mata da sunan sarkin bayan sun ci tsibirin a 1810.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Senegal. Tsibiri ne siriri a cikin kogi dab da teku, Wolof na kiransa Ndar, kuma har gobe haka suke kiransa. Kusan shekara ɗari biyu kasuwa ce kawai, ana sayen ƙaro da fatu da zinariya da bayi, Faransawa na biyan sarakunan bakin kogi kuɗin fito. Wanda ya sauya wannan shi ne gwamnan da aka naɗa a 1854, Faidherbe, kuma sunansa na yanka Luwi. Ya daina biyan kuɗin, ya jera ganuwowi a kan kogi, ya buɗe makarantar da ake tsare 'ya'yan sarakuna ana koya musu Faransanci, wadda ba kunya aka kira makarantar 'yan garkuwa. A 1857 ya kafa rundunar baƙaƙen sojojin da aka yi ta cin Afirka ta Yamma da su. A shekarar ne kuma ya kai wa ganuwar Madina ta bakin kogin Senegal ɗauki lokacin da Shehu Umaru Futi ya kewaye ta. Wannan Shehu Umarun shi ne dai wanda ya zauna a Sakkwato shekaru a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan shekara talatin da uku wani Luwin, Archinard, ya ci Segu a 1890 daga hannun Ahmadu ɗan Shehu Umaru. Ahmadu ya yi ta ja da baya gabas-gabas har ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Sakkwato, wajen dangin da mahaifinsa ya ƙulla.

A lura, waɗannan ba 'ya'yan sarauta ba ne. Sunan ya riga ya sauko cikin gari, manomi da maƙeri na sa wa 'ya'yansu. Archinard ma jamhuriya yake wa aiki, magajiyar waɗanda suka yanka Luwi na 16. Sarauta ta tafi, aikin da aka fara da sunanta bai tsaya ba.

Na ukunsu shi ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, alhali ba wanda ya san abin da ke kan layin. Sai aka turo wani hafsa, Parfait-Louis Monteil, ya gani da ido. Ya tashi daga San Luwi a ƙarshen 1890, ya bi ta Segu da ƙasar Mosi ya iso Sayi, ya shiga Sakkwato a watan Oktoban 1891 zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Daga nan ya zo Kano lokacin Sarki Bello ya yi watanni, ya wuce Kukawa wajen Shehu Hashimi a 1892, shekara guda kafin Rabe ya rusa ta, sannan ya keta Sahara ya ɓulla Tarabulus. Sakkwatawa sun karɓe shi a matsayin baƙo mai wucewa. Abin da ya rubuta kuwa ya shiga cikin cinikin da aka yi ta yi kan iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Da aka haɗa ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma a ƙarƙashin gwamna ɗaya a 1895, San Luwi ce hedikwata har 1902 da aka koma Dakar. A can kuma aka fara makarantar horon malamai da daga baya ta zama William Ponty, wadda bayan ta bar garin ta yaye su Bubu Hama da Jori Hamani.

Makarantar Bompai ta wata hanya dabam ta zo. Wani limamin coci, shi ma Luwi, Louis Bautain, ya kafa ƙungiyar mata masu hidimar coci a Faransa a 1842 da sunan waliyyin. Reshenta ya yi ƙarfi a Ayilan, kuma matan Ayilan ne suka kawo ta Gana a 1947, suka iso Kano a 1948. Ɗimbin 'yan matan Musulmi sun yi karatu a makarantunsu na Kano da Jos da Kumasi, sun fito likitoci da lauyoyi, kuma ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa makarantar laifin Mansura ba. Sukarin kuwa ko sarki bai sani ba. Sunan wata unguwa ce a birnin Marsai inda aka kafa matatar sukarin, kamfani ya ara daga unguwar, mai shayi ya gada daga kamfani.

An ce suna linzami ne, amma a nan na ga linzamin da ya daɗe har dokin ya manta da shi a baki. Sai lokaci-lokaci wani ya ja a ji zafi. A 2020, lokacin zanga-zangar baƙaƙen fata a Amurka, wasu Musulmi da Yahudawa da masu fafutuka suka taru a gindin mutum-mutumin Luwi na tara da ke kan doki a St. Louis suna neman a sauke shi a kuma sauya wa birnin suna. 'Yan Katolika suka fito suna addu'a a wurin don kare shi. Kowane ɓangare na da hujja a tarihin mutumin, masu tuna kutaren da ya ciyar da masu tuna littattafan da ya ƙona. Mutum-mutumin na nan, sunan ma na nan. Ni a ganina sauya sunan birni mai shekara 260 ba zai rage wa kowa zafi ba, gara a koya wa yaran garin wane ne Raidafarans. Amma batun su Faidherbe dabam ne, don jikokin waɗanda ya ƙona wa garuruwa suna raye, sun kuma daɗe suna wucewa ta gaban gunkinsa kullum. A shekarar 2020 ɗin majalisar garin Ndar ta cire sunansa daga babban dandalin gari ta kira shi Baya Ndar, ko da yake doguwar gadar ƙarfen nan ta 1897 da ke haɗa tsibirin da tudu an fi saninta da sunansa har yanzu. Chadi ta riga su tun 1973, da ta mai da Fort-Lamy Njamena.

A Yamai ma an yi. A watan Oktoban 2024 hukumomin soja suka sauya sunayen wasu tituna da dandali, titin Charles de Gaulle ya koma na Jibo Bakari. Akwai wani dutsen tunawa da ya shekara da shekaru ɗauke da hoton Monteil, baƙon nan na Sarkin Musulmi Abdurrahman. Aka ɓamɓare hoton aka liƙa na Thomas Sankara a gurbinsa.